Abin da Ya Sha Batirin

Ƙawata, matso kusa, in sauke miki labarin wani bakanike.

Wata biyu da rasuwar babban ɗansa ya yaye tamfol daga kan tsohon babur ɗin da ke rumfar tsakar gida. Irin na da ne, mai nauyi kamar bijimi, wanda ko kik aka buga ba ya tashi sai batir na da rai. Har lokacin akwai yashi a sarƙarsa.

A kansa Babban, wato marigayin, yake shiga daji yi wa shanu allura. Wata Alhamis da safe babur ɗin ya ƙi tashi, maƙwabta suka tura shi a kwalta ana ta dariya. Da rana maciji ya sari Babban a bakin wani rafi. Asibiti tafiyar rabin awa ce a babur. Makiyayan da suka tsince shi sun ce ƙafarsa har rami ta haƙa wajen buga kik.

Yanzu Auta ne zai gaji aikin, da hanyar, da babur ɗin. Bakaniken ya ce ba zai sake ɗora ran ɗa a kan batir ba.

Ya kwance murfin inji, ya ɗaura maganeto, wato abin da ke haifar da wuta daga juyin injin kansa. Waya ɗaya zuwa kwayil, daga kwayil zuwa fulogi. Aikin yini biyu ne, amma ya kai mako uku, domin kafin ya yanke kowace tsohuwar waya sai ya bi ta da ɗan yatsa daga farko har ƙarshe, yana neman inda ta zubar da wuta. Injin ya tsufa, ba ya ciyar da batir a tafiya, shi ya sa duk Talata yake cika shi da hannunsa. Talatar makon ma ya cika shi. Alhamis batirin ya mutu. To, me ya sha shi?

Bai yi kuka ba. Yana ci, yana salla, yana komawa rumfa.

Matarsa kan kawo masa ruwa ta zauna a bencin da ke fuskantar babur ɗin. Can a kan kanta, kusa da ƙusar da ake rataye makulli, ɗan littafinta na addu'o'i ya yi ƙura. Da girmanta ta koya wa kanta karatu, baƙi-baƙi, shafi ɗaya kan ɗauke ta awa guda. A da yakan tsokane ta, ya ce kafin ta kai amin matafiyi ya je ya dawo.

"Maigida, fitilar fa?" ta ce wata rana. "Za ta kama in inji na kashe?"

"Ina! Ba juyi, ba wuta."

"Hakan ya fi," ta ce.

Ya yanke waya ta ƙarshe, lafiyarta ƙalau. Ya daɗe yana juya ta a hannu.

"Ba laifin waya ba ne, uwar yara. Ni ne. Tsufa ya zo, wataƙila ban cika shi ba, na ɗauka na cika."

Ta tashi ta ɗauke kwanon ruwan.

Auta ya hau, bugu ɗaya babur ya ɗauka. Ya kashe, ya tura shi cikin yashin bayan gida, ya sake bugawa, ya ɗauka. "Baba, wannan ko jaki albarka!" Bakaniken ya gyaɗa kai kawai. Ya ɗauki tsohon batirin ya ajiye ƙarƙashin gadonsa, yana nan har yau.

Ƙawata, makon da abin ya faru ba a kawo wuta ba, kin tuna. Hanyar dajin kuwa tsoro take ba ni. Asubar Laraba da ta Alhamis, ni na sauko da makullin, na kunna fitilar babur ɗin, na zauna a benci ina haɗa baƙaƙen addu'ar matafiyi don Allah ya tsare mini ɗana. Don girman Allah, kada ki faɗa wa kowa.