Geron da Ba Ya Son Fartanya

Tun da aka kawo sabon iri ƙauyen, gero ya daina mutuwa. In ya ji wuya, fari ne ko tsutsa, sai ya naɗe ganye ya yi barci, ba tsawo ba fitar da kai, har ya yarda duniya ta lafa. Sharaɗi ɗaya malamin gona ya kafa: kada ƙarfe ya kusanci saiwarsa.

Da hantsi Kande ta kai wa mijinta Jatau fura gona. Ta tarar da shi zaune a gindin marke, fartanya a gefe. Ƙasa jiƙe take sharkaf, amma gero iya gwiwa, ganye a naɗe kamar tabarma.

"Malam, maimai ka yi?"

"Ciyawa ta kai ƙugu, Kande, kuma gonar a bakin hanya take. Duk wanda ya wuce sai ya ce ɗan Barau ya zama rago."

"To, ga shi geron ya ɗauka rauni aka yi masa. Yaushe zai farka?"

"Sun ce sai ya huce."

Kande ta dubi gabas. Damina ta fara haɗa kayanta, rumbu kuwa har ana ganin ƙasansa. Ko ƙarfin faɗa ba ta da shi. Ta durƙusa ta shafa ganye ɗaya a hankali, yadda take lallashin jikanta.

Ganyen ya ƙara naɗewa.

"Ɗauke hannunki," in ji Jatau. "Yanzu ya san mu."