Hirar Mantau a Ƙarƙashin Ruwa

Tun da ruwa ya cinye tsohon gari, duk Asabar mutane kan yi hayar tukunyar iska da takunkumin magana, su nutsa ganin unguwanninsu. Mantau bai taɓa fashi ba. Abin ya tsaya wa matarsa Lantana a rai, domin a gida daga "sannu" ba ya ƙara komai, amma kullum ya dawo daga ruwa muryarsa a dishe take.

Ranar nan ta bi sawunsa har rumfar yarinyar da ke ba da hayar kayan.

"'Yar nan, da wa mijina yake nutsawa?"

"Shi kaɗai, Hajiya. Takunkumi ɗaya yake karɓa."

"Haɗa ni da layinsa."

Ta kara abin saurare a kunne, sai ga muryarsa tar, yana dariya.

"Lanti, kin tuna ranar da kika ƙona tuwo kika ce laifin itace ne? Ga murhun nan yana nan."

Ya yi shiru kamar mai jiran amsa, sannan ya sake ƙyalƙyalewa.

Rabon da ya kira ta Lanti shekara talatin ke nan, tun kafin ruwan. Waccan Lantin ba ta haifi shida ba, gwiwarta ba ta ciwo, kuma ita ake wa hira.

Da ya fito ya gan ta, ya ce, "Sannu."

Ta juya ga yarinyar.

"Asabar mai zuwa ki ajiye min takunkumi. Ɗakina ne, zan je in ga wadda ta tare a ciki."