Gidan da Aka Hana Yaɓe

Ke, ajiye wayar nan ki ji, tunda kin ce dabara za ki yi. A wata tsohuwar unguwa cikin birni akwai gidan haya na ƙasa, ɗaki goma sha ɗaya, rijiya ɗaya, iyali bakwai. A ɗakin ƙurya akwai wata mai koko da ta shekara talatin da huɗu a ciki. Nan ta haihu, nan aka yi wa mijinta wanka aka fita da shi, ba ta da wani wurin da ya wuce nan. Al'adar gidan, kafin ruwan fari mazan su kwaɓa ƙasa su hau soro su yi yaɓe, su gyara indararo, ita kuma ta dama musu koko tukunya guda. Haka gidan ya tsufa bai rusuna ba. Da mai gidan ya rasu, magada suka sa aka rubuta a bangon zaure da jan fenti cewa gidan na sayarwa ne. Mai koko ba ta iya karatu ba, amma ta ga fuskar wani tela ɗan haya a gidan da ya karanta, ta gane. Ta tara mutanen gida ta ce, "Bana ba mai taɓa ƙasa. Wa zai sayi gidan da ke yoyo?" Kowa ya ce Inna ta kawo shawara.

Damina ta sauka, soro ya sha ruwa, azara ta fara leƙowa. Dillali ya kawo wani malamin makaranta mai son ya saya ya zauna a sashe ɗaya ya bar 'yan haya inda suke. Mai koko ta ja shi har bayan ɗakinta, ta zura hannu cikin tsaga ta ce, "Malam, kana da yara ƙanana? To Allah ya kiyaye." Bai ko tsaya sallama ba. Wata hajiya mai son ta saya kuɗin haya su ci gaba da shigo mata ta zo, ita ma aka nuna mata rufin da ya lotsa. Damina biyu suna korar masu saye suna dariya, suna tara kwanuka a ƙarƙashin yoyo. A ta uku sai ga wani mutum da farar mota. Bai shiga zaure ba. Ya sa aka ja igiyar awo daga wannan kusurwa zuwa waccan. Mai koko ta fito da sauri ta ce, "Alhaji, zo ka ga bango, ya kusa faɗuwa." Ya dube ta ya ce, "Madalla, Iya. Kin rage wa katafila aiki." Shaguna zai gina. Gidan ya lalace har ba mai iya sayensa sai wanda ƙasar kawai yake so.

Wata guda aka ba su su tashi. Ranar da za ta fita ta tsaya da ƙullin kayanta a ka, tana kallon tukunyar da ta saba dama wa masu yaɓe koko, ba ta da inda za ta kai ta. Ta bar ta nan kan murhu. Malamin nan da ta kora, da shi ya saya, da yanzu yana gaishe ta kullum da safe. Kin ji dai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.