Tsani a Kowane Gida

"Kada ka karɓi makullin gidan tukuna," ta raɗa wa mijinta. Tun shigowarsu unguwar ba ta yarda da ita ba. Gonaki ta baya, layi tsit, kowane gida da sabon fenti iya ƙirji, ga tsani jingine a bango kamar ana gayyatar ɓarayi.

Dillali ya yi yaƙe. "Hajiya, nan ko allura ba ta ɓata."

Ta zame ta leƙa maƙwabta, ta tarar da wata tsohuwa tana shanya.

"Iya, tsakaninki da Allah, ana sata a nan?"

"Ko kusa, 'yata."

Har ta sauke ajiyar zuciya. "To, tsanin nan fa?"

"Na damina ne. In ruwa ya kai bakin fentin nan, rufi muke hayewa. Wane ɓarawo ne zai yi iyo ya zo?"