Ƙwaya Ɗaya a Jinin Lantana

Tun da aka kafa dokar nan, ba mai sayar da abinci a kasuwa sai na'ura ta ɗauki hoton ƙwayoyin jininsa ɗaya bayan ɗaya. Lantana mai waina ta je ofishin gwajin sabunta takardarta ta izini.

Ma'aikacin bai ko ɗago kai ba. "Inna, an soke rumfarki. Ƙwaya ɗaya ta fita daban."

"Shekara talatin ina suya, wa na taɓa kwantarwa? Ciwon me gare ni?"

"Babu tukuna. Matsa, akwai layi."

Ya turo mata hoton da bakin biro. Da ta juyo, sai ta ga Kande, wadda suke cin abinci kwano ɗaya kullum, ta ja da baya ta toshe hanci da gyale.