Sabuwar Tukunya a Masaukin Ƙasar Sin

Ɗana, tunda ka ce kana jin nauyin saukar baƙo don ɗakinka ba kayan ado, gyara zama in ba ka wani misali.

An yi wani dattijo, maɗinkin manyan riguna, wanda bai taɓa barin ƙasar Hausa ba sai ranar da aka aiko masa cewa ɗansa da ke karatu a ƙasar Sin yana kwance a asibiti, an yi masa aiki a ciki. Dangi suka haɗa masa guzuri, ya hau jirgi. Abokan karatun ɗan suka kama masa ɗaki a wani ƙaramin masauki kusa da asibitin, suka koma makaranta. Tsohon gida ne irin ginin mutanen da, ɗakuna kaɗan sun kewaye tsakar gida. Tagoginsa na katako ne da aka sassaƙa kamar saƙar zana, jajayen fitilun takarda suna lilo a bakin rufi, ga ɗan tafki a tsakiya da kifaye masu ruwan zinariya. Da yake mai aikin hannu ne, dattijon ya daɗe yana shafa aikin allurar da ke jikin labule, ya ce a ransa lalle wanda ya yi wannan ya san zare. Sai dai ido ne ya ƙoshi, ciki kuwa yana nan da yunwarsa.

Mai masaukin wata tsohuwa ce, gajera, kanta fari fat. Kullum takan kawo masa abinci da kanta a kyawawan tangaraye, shi kuwa sai ya dafa ƙirji, ya sunkuya, ya yi godiya, ya mayar mata ba tare da ya taɓa ba. Ba raini ba ne. Tun a gida aka ja masa kunne cewa a can ana girki da kitsen alade, ga shi ba shi da harshen da zai tambaya. Ya riƙa jiƙa garin rogo da ƙuliƙuli a ɗaki har guzurin ya ƙare, ya koma ga shayi da ruwan zafi. In ya je asibiti ɗan ya tambaye shi ko ya ci abinci, sai ya ce ya ƙoshi, don kada ya ƙara wa marar lafiya damuwa. Ita kuwa tsohuwa, a wurin mutanenta cin abinci har a gaisuwa ake tambayarsa, baƙo ya mayar da kwano cike abin kunya ne ga gida. Ta ɗauka girkinta ne bai yi masa ba. Ta sauya miya, ta sauya nama, ta fito da tangarayen da take ɓoyo. Duk suka dawo yadda suka tafi.

Wata rana da hantsi ya dawo daga asibiti. Dokin ƙofar gidan mai tsayi ne, irin wanda sai an ɗaga ƙafa sosai. Ya ɗaga, jiri ya ɗebe shi, ya zauna a kai yana haki. In ya kwanta shi ma, ɗansa ba shi da kowa a wannan ƙasa. Tsohuwa ta tsaya tana dubansa. Ta sha ganinsa yana alwala a gefen tafki yana shimfiɗa dadduma, sai a lokacin ta tuna da masu fararen huluna na wata unguwa a garinsu, waɗanda su ma haka suke yi, kuma ba sa ci a tukunyar kowa. Ta kai shi inuwa, ta ɗauki kwandonta ta fita.

Da ta dawo, ta jera kaya a gabansa: sabuwar tukunya da takardar kanti a manne, sabon ludayi, man gyaɗa a kwalbar da ba a buɗe ba, da kaza mai rai an ɗaure mata ƙafafu. Sannan ta miƙa masa sabuwar wuƙa da hannu biyu, yadda suke miƙa wa mutum mai daraja abu. Ya karɓa. Ya fuskanci alƙibla, ya yi bisimilla, ya yanka. Ta jawo ƙaramin murhu tsakar gida ta yi girkin a kan idonsa. Citta, albasa, gishiri, kowanne sai ta ɗaga ta nuna masa, ba ta jefawa sai ya gyaɗa kai.

Da romo ya nuna ta zuba masa. Ƙamshi ya doki hancinsa, amma sai ya rufe kwanon ya yunƙura zai kai wa ɗansa. Tsohuwa ta riƙe gefen rigarsa, ta nuna masa wata kula da ta riga ta cika ta ajiye domin marar lafiyan, sannan ta nuna masa kujera. Ya zauna ya sha, hawaye na gangarowa cikin gemunsa. Ita kuwa ta juya baya, ta shiga watsa wa kifayenta abinci, don kada dattijo ya ji kunyar an ga kukansa.

Tun daga ranar tukunyar nan ta sami wurinta daban, ba ta haɗuwa da sauran, har ɗan ya miƙe suka koma gida tare. Shi ya sa magabata suka ce, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.