Addu'ar Tsoho Wattie

Ninian Haliburton da kansa ya ɗauko tsoho Wattie a kan kujera, shi da wani ɗan dako kurma. Suka haura da shi tudun fada, hularsa a jawe har karan hanci saboda iskar teku.

Ranar haihuwar Sarki ce. Sarki yana da mabaratansa, Masu Shuɗiyar Riga, aikinsu roƙa masa tsawon rai, kuma yawansu daidai yake da shekarunsa. In suka gaza da mutum ɗaya, an yanke wa Sarki shekara ke nan. Wanda ya riƙe su kafin Ninian ya taɓa kawo su ba cikakku ba. Har yau guntun kunnensa yana nan a kafe da ƙusa jikin turken kasuwa.

Ninian bai daɗe da dawowa daga birnin Danzig na ƙetaren teku ba, inda ya yi shekaru yana tallar allura da zare. Kawunsa ne ya sama masa aikin don ya zauna wuri ɗaya. Jiya kam bai zauna ba. Lungu-lungu ya bi yana neman ko da gurgu ɗaya na ko-ta-kwana, ashe dattawan gari sun kori duk mabaracin da ba shi da lambar dalma ta izinin bara, wai kada wakilin Sarki ya ga talauci.

A coci aka jera su. Ninian ya ajiye Wattie a ƙarshen layi, nesa da murhu, ya gyara masa hannuwa a ƙirji. Aka ƙirga, sun cika cif.

Hob Makaho, da ke kusa, ya ɗaga hanci. "Wattie, a cikin gangar kifi ka kwana ne? Kuma ko gaisuwa babu? Tun ba a ba ka sabuwar riga ba ka fara girman kai!"

Ninian ya cusa masa burodi a baki.

Limamin coci ya hau mumbari, ya kifa kwalbar yashinsa ta auna lokaci, ya soma wa'azi. Yashi ya ƙare, ya sake kifawa. Mabarata suka shiga tari da susa. Wani ya yi minshari, wani ya kama ƙwarƙwata ya nuna wa na gefensa. Wattie kaɗai bai motsa ba. Ƙuda ya sauka a leɓensa, ya yi yawonsa, ya tashi don kansa.

Mungo Carstairs, wakilin da Sarki ya aiko daga kudu, yana kallo tun farko. Ana shafa amin ya miƙe, ya nufo ƙarshen layi.

"Baba, yaya sunanka?"

"Ranka ya daɗe," in ji Ninian, "in ya shiga addu'a ba ya jin kira."

"An ba shi burodinsa da giyarsa?"

"Ya kwana biyu bai sa komai a baki ba."

Carstairs ya ƙura wa tsohon ido. Sai ga hawaye. Ya juya ga jama'a, ya ce ya zaga ƙasar nan kaf, bai taɓa ganin wanda ya rabu da duniya kamar wannan bawan Allah ba. Liman ya ce wa'azinsa ne ya ratsa shi. Mata suka fara turereniya su taɓa gefen rigarsa. Wata ta rantse ciwon gwiwarta ya tafi nan take.

Ninian ya shafa kunnensa, ya sauke ajiyar zuciya. Ya yi wa kurma alama su ɗauki kujera.

"Dakata, yaro," in ji Carstairs. "Irin wannan addu'a ba a barinta a nan. Gobe ka ɗora shi a keken doki, ka kai shi London da hannunka, ya yi ta a gaban Sarki. In ko tari ya yi a hanya, kunnuwanka duka biyu."

"Ba zai yi tari ba, ranka ya daɗe."

Wannan kam gaskiya ya faɗa. Abin da Ninian yake tunani shi ne tafiyar makonni a tsakiyar bazara, da kuma yawan gishirin da za ta ci, tunda Wattie ya rasu tun ranar Laraba.